Kada Mu Zaunar da Iyayenmu da Sunan Hutu

Jawabin da ɗaya daga cikin mambobinmu, 'yar kasuwa a Gusau, ta gabatar a taron cikar shekara na ƙungiya



Shugaba, Ma'aji, Magatakarda, iyayenmu da ke zaune a sahun gaba, 'yan uwa da kunka taso tun da sassafe daga Tsafe da Bungudu, da mu na nan Gusau, ina yi mana barka da ganin wannan rana. Allah Ya maimaita mana. Waɗanda munka fara tafiyar nan da su ba su kawo yau ba, Allah Ya jiƙansu da rahama.

Tun safe ana maganar jari, da rance, da zubin adashi. Ni zan yi magana a kan wani abu da ke cin jarin nan, amma ba ya shiga littafin Ma'aji da sunansa. Faɗuwar tsofaffi nake nufi. Tsohuwa ta zame a makewayi, ko ta yi tuntuɓe da dokin ƙofa, ko jiri ya ɗebe ta tana tashi daga kan tabarma. Mu kan ce tsautsayi ne, mu yi jaje, mu wuce. Amma ku tambayi duk wadda ta yi jinyar uwa ko suruka mai karayar ƙugu, za ta gaya maku wata nawa rumfarta ta yi a rufe, da yadda kuɗin sari ya tafi a magani da kuɗin mota. Da yawa daga cikin waɗanda ke kasa zubi ba wasa sunka yi da sana'a ba, jinya ce ta zaunar da su.

Abin ba a nan kaɗai yake ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace shekara mutum kusan 684,000 ne ke rasuwa sanadiyyar faɗuwa. In an cire haɗarin mota, babu wani haɗari da ya kai shi kisa. Sama da kashi 80 cikin 100 na waɗannan mace-mace a ƙasashe marasa ƙarfi irin tamu suke faruwa, kuma waɗanda sunka haura shekara 60 su ne sunka fi yawa a ciki. Hukumar ta kuma ce cikin masu shekara 65 zuwa sama, kusan mutum ɗaya cikin uku yana faɗuwa aƙalla sau ɗaya a shekara. Ku ƙirga tsofaffin layinku ku gani.

Mu mata abin ya fi shafa, domin bayan al'ada ta ɗauke ƙashin mace yana rage ƙwari, ya zama kamar karan dawa da ya sha rana. Faɗuwar da yarinya za ta yi ta tashi ta kaɗe zane, ita ce za ta karya ƙugun kakarta. A unguwarmu akwai wata dattijiya mai saida daddawa, mace mai zafin nama, ko a biki ba ta zama. Da damina ta zame a kan gansakukar bakin makewayi. Aka ɗauko mai ɗori, ya ɗaure, ta kwanta. Wata ɗaya, wata biyu, bayanta ya fara gyambo saboda kwanciya, tari ya shigo, ba ta ƙara tsayuwa da ƙafarta ba har Allah Ya karɓi abinSa. Kwana ne ya ƙare, wannan babu musu. Amma karayar ƙugu ba irin ta hannu ba ce da kara da tsumma za su riƙe. Ƙashin yana can ciki, galibi sai an yi hoto, sau da yawa sai an yi aiki. In tsohuwa ta faɗi ta kasa tsayuwa, kunka ga ƙafa ɗaya ta gajarce ko ta juya waje, kada a ja, kada a murza. A ɗauke ta a kwance zuwa asibiti. Muna da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a nan Gusau, da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, ga manyan asibitoci a Tsafe da Bungudu da za su duba su tura gaba, in ta kama har Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Haka in ta bugu a kai, ko da ta ce ba komai, in ta fara amai ko yawan barci ko ruɗewa, kada a kwana da ita a gida.

To, me ke sa ƙafar ta daina riƙe mutum? Ɗiyata da ke karatun aikin jinya ta yi mini bayani, ni kuma na rubuta a littafina na makarantar yaƙi da jahilci don kada ya ɓace mini. Tsayuwar mutum aikin haɗin gwiwa ce, kamar ƙungiyarmu. Ido yana gaya wa ƙwaƙwalwa inda ƙasa take. Can cikin kunne akwai wani ruwa da ke auna ko kai ya karkata. Tafin ƙafa yana jin tudu da kwari. Sannan naman cinya da na sha-raɓa su ne ke yin aikin gyara tsayuwa in an yi tangaɗi. Tsufa yana rage kowannensu kaɗan-kaɗan. Yanar ido ta rufe gani, ciwon suga ya kashe jin tafin ƙafa, wani maganin hawan jini ya sa jiri in an miƙe da sauri. Amma wanda ya fi saurin lalacewa shi ne naman ƙafa, kuma ba komai ke cinye shi ba sai zama.

A nan ne nake son mu tsaya mu dubi kanmu. Kakanninmu sun yi daka, sun yi niƙa a dutse, sun ja guga, sun ɗauki tulu a ka daga rafi. Ku dubi Bafillatana mai tallan nono, ƙwarya uku a kai bisa gammo, tana tafiya tana hira, ko ɗigo bai zuba. Ku dubi tsofaffin Kwatarkwashi da sunka tashi suna hawa da sauka a gindin dutse. Ba wanda ya koya masu motsa jiki, rayuwar ce ta horar da ƙafarsu. Yau injin niƙa ya karɓi turmi, Keke Napep ya karɓi tafiya, kuma alhamdu lillahi, ba wadda ke son komawa wahala. Sai dai mun ƙara da wani abu. Da Inna ta miƙe za ta ɗauko buta, sai mu ce, "Haba Inna, zauna, ga yara." Ta ɗauki tsintsiya, mu karɓe. Ta ce za ta leƙa barka a maƙwabta, mu ce rana ta yi zafi. Ladabi ne, tarbiyya ce, kuma da kyakkyawar niyya muke yi. Amma ƙafar da ba ta aiki mutuwa take yi a tsaye. Bayan shekara biyu sai mu ce tsufa ya kama Inna, alhali da hannunmu munka zaunar da ita.

Ga kuma halin da tsaro ya jefa mu. Duk mun san iyayen da aka kwaso daga ƙauyuka saboda 'yan bindiga, aka kawo su cikin Gusau ko garin Tsafe ko Bungudu. Matar da ta saba zuwa gona da rijiya da ɗebo itace, yanzu tana ɗaki ɗaya na haya, daga katifa sai bakin ƙofa. Ga baƙin cikin abin da ta baro, ga rashin sanin kowa. Irin waɗannan cikin 'yan watanni za ki ga tafiyarsu ta canza, suna jan ƙafa, suna dafa bango. In ta taɓa faɗuwa sau ɗaya kuma, tsoro ya shiga. Tsoron ya hana ta motsi, rashin motsin ya ƙara raunana ƙafar, sai faɗuwa ta biyu ta zo da sauƙi fiye da ta farko.

Yanzu bari in zo kan abin da wasunku sunka ji an ce zan kawo, har ana yi mini tsiya a kasuwa wai na koma 'yar Chaina. Sunansa taici. Yaranmu sun san shi a finafinan faɗa, amma wanda nake nufi babu duka babu tsalle. Asalinsa dabarar kare kai ce daga wani ƙauye da ake kira Chen a lardin Henan na ƙasar Sin, sama da shekara 300 da sunka wuce. Daga baya aka lura yana gyara jiki, sai a 1956 hukumar wasannin ƙasar ta tsamo motsi 24 masu sauƙi domin kowa ya iya. Yau in gari ya waye a biranensu, za ki ga tsofaffi maza da mata sun cika filaye suna yi. A watan Disambar 2020 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin al'adun da duniya ke taskacewa.

In kin gan shi a waya sai ki yi dariya. Mutum ya ɗan durƙusa, ya ɗaga ƙafa kamar mai tsoron taka ƙwai, hannuwa na yawo a hankali kamar yana cikin ruwa. Amma ki gwada ki ji. Tafiya da sauri ba ta da wuya, domin kafin ki karkata ɗaya ƙafar ta riga ta sauka. Tafiya a hankali ita ce aiki, saboda dole ƙafa ɗaya ta ɗauki nauyinki duka na ɗan lokaci, gwiwa a lanƙwashe, kina sane da inda nauyin yake. Daidai abin da ke kuɓuce wa tsohuwa ke nan lokacin da za ta tsallake kwata ko ta shiga mota.

Kuma an gwada shi, ba zancen baki ba ne. A birnin Atlanta na Amurka, likitoci sun ɗauki tsofaffi 200 masu shekara 70 zuwa sama, wasu daga cikinsu sunka yi taici na mako 15. Sakamakon da aka fitar a 1996 ya nuna haɗarin yawan faɗuwa ya ragu da kusan rabi a wurin waɗanda sunka yi. A 2018 kuma aka fitar da wani daga jihar Oregon, shi mutum 670 ne, duk masu shekara 70 ko fiye, waɗanda sun taɓa faɗuwa ko tafiya ta fara yi masu nauyi. Motsi takwas kacal aka koya wa wasu daga cikinsu, awa ɗaya sau biyu a mako, har mako 24. Faɗuwarsu ta yi ƙasa da kashi 58 cikin 100 in an kwatanta da waɗanda miƙe gaɓoɓi kawai sunka riƙa yi. Ku lura da abu biyu a nan. Da malami sunka yi, kuma wata shida sunka jure. Wadda za ta yi kwana uku ta ce ba ta ga canji ba, kamar wadda ta yi zubi uku ce ta zo neman kwasa.

Na san tambayar da ke ran wasu, domin ni ma ita na fara yi: wannan abu ba bautar wasu ba ne? Gaskiya mutanen da sunka ƙirƙiro shi suna da nasu tunani da aƙidu da suke haɗawa da shi. Mu ba ruwanmu da wannan. Babu rusuna wa kowa, babu kiran sunan komai, babu wani karatu. Lanƙwasa gwiwa ne da ɗaga ƙafa da numfashi, yadda likita zai ce ki yi. Wadda zuciyarta ba ta natsu ba ta tambayi malaminta, ta nuna masa abin da ake yi. In sunan ne ke damun mutane, mu kira shi motsin iyaye, ba wanda zai kai mu ƙara. Abin da na sani shi ne babu abin da ke sa tsohuwa kuka kamar ranar da ta fara salla a zaune. Halal ne, addini ya yi sauƙi, amma ku dubi fuskarta. Kuma nawa ne a cikinmu ke tara kuɗin Hajji ko Umra don uwa? Safa da Marwa kaɗai, zuwa da dawowa sau bakwai, kusan kilomita 3 ne, ban da ɗawafi. Mu kan tara kuɗin kujera shekara da shekaru, mu manta da tanadin ƙafar da za ta yi aikin.

Ga yadda za a fara, kuma don Allah a fara da gwaji. Inna ta tsaya kusa da bango, ke kina gefenta. Ta haɗa ƙafafu, ki ƙirga goma a hankali. In ta iya, ta sa ƙafa ɗaya gaban ɗaya, diddige na taɓa yatsun ta baya, ki sake ƙirga goma. Ma'aikatan lafiya na amfani da wannan gwaji, kuma sun ce wadda ta kasa cika goma a tsayuwa ta biyu tana cikin haɗarin faɗuwa. Ba abin tsoro ba ne, alama ce ta a tashi tsaye.

Motsin farko shi ne sauya nauyi. Ta buɗe ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, ta ɗan saki gwiwa kaɗan, ba tsugunne ba. Sai ta maida nauyinta kan ƙafar dama sannu a hankali har ta ji ta hagu ta yi sakayau, ta ɗan tsaya, ta dawo tsakiya, ta koma hagu. Baya a miƙe kamar da tulu a kai, ido na kallon gaba, ba ƙasa ba. Numfashi ta hanci, kada a riƙe shi. In wannan ya zauna, sai taku. Nauyi a ƙafa ɗaya, ta ɗaga ɗayar, ta ajiye diddige tukuna, sannan tafin, sannan ta zuba nauyin a kai, irin takun uwar da ta samu jariri ya yi barci da ƙyar tana son fita ɗaki. Taku biyar gaba, sai taku biyar a gefe kamar mai ratsa sahu. Daga baya a haɗa da hannu: hannuwa biyu a gaban ƙirji suna zagayawa kamar kina shafa babbar randa, ƙugu na juyawa tare da su dama da hagu. Juyawar nan tana da muhimmanci, domin tsofaffi da yawa wurin waiwaye suke faɗuwa, an yi sallama ko jika ya kira.

Akwai wani da ba na Sin ba ne, amma ni na fi ba shi ƙarfi: tashi da zama. Ta zauna a kujera mai tsayi ko bakin gado, ba 'yar tsugunne ba, ta miƙe ba tare da dafa gwiwa ba, ta koma ta zauna a hankali, kada ta faɗa. Sau biyar da farko, a riƙa ƙarawa. Wadda ba ta iyawa sai da dafawa, ta dafa, ƙarfin zai zo. Wannan shi ne naman da ke tada mutum daga sujada da kuma daga makewayi.

Minti goma zuwa sha biyar ya isa a farko, da hantsi ko bayan la'asar. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2020, ta ce masu shekara 65 zuwa sama su riƙa irin wannan motsi na ƙarfafa ƙafa da daidaita tsayuwa aƙalla kwana uku a mako. A sa wando a ƙarƙashin zane, a ɗaure zanen sama da idon sawu, a ajiye dogon hijabi tunda cikin gida ne, mu ya mu. Kada a yi da silifas ɗin da ya suɗe, gara ƙafa ba takalmi a kan daɓe mai kyau. In ta ji ciwon ƙirji, ko numfashi ya sarƙe, ko jiri, a tsaya nan take. Mai ciwon zuciya, da wadda ta taɓa shanyewar ɓarin jiki, da wadda gwiwa ke kumbura, su fara ganin likita. A manyan asibitoci akwai sashen masu gashin ƙashi, aikinsu ke nan.

Motsi kaɗai kuma ba zai yi ba in gidan tarko ne. Ku koma yau ku dubi hanyar da Inna ke bi daga shimfiɗarta zuwa makewayi da asuba. Akwai haske in an ɗauke wuta? Akwai igiyar akuya, ko turmi, ko bakin tabarma da ya naɗe? Simintin wurin alwala ya yi santsi? Tocila a ƙarƙashin matashi, da ƙarfe ko icce mai ƙwari da aka kafa a bangon makewayi don dafawa, kuɗinsu bai kai na hoton ƙashi ɗaya ba. A koya mata in ta farka ta zauna bakin gado tukuna, ta yi addu'arta, sannan ta miƙe. A kai ta a duba ido, domin yanar ido ana cire ta, mutum ya koma gani. In jiri ya fara bayan an canza maganin hawan jini, a koma wurin wanda ya rubuta, kada a daina sha da ka. Sanda kuma ba abin kunya ba ce, ko da Gwaggo za ta ce ita ba ta tsufa ba.

Wata za ta ce surukarta ba za ta taɓa yarda ta tsaya gaban matar ɗanta tana ɗaga ƙafa ba. Gaskiya ne, akwai kunya. To kada ke ki koya mata. Ki koya wa jikarta, tunda tsakanin kaka da jika wasa ne, ita za ta ja ta da tsokana har ta miƙe. Ko a haɗa ta da tsararta biyu ko uku na layin, su yi abinsu suna hira. Ga waɗanda aka kawo daga ƙauye ba su san kowa ba, wannan haɗuwar ma magani ce. Mu kanmu 'yan arba'in da hamsin kada mu ɗauka maganar ta wuce mu. Wadda ke wuni a zaune a rumfa daga safe har magariba, ta gwada tsayuwa da ƙafa ɗaya yau da dare ta gani.

Shugaba, ga roƙona ga ƙungiya, a duba shi kafin a watse. A ware minti goma sha biyar kafin fara zubi a kowane zama, a reshen Gusau da na Tsafe da na Bungudu, mu yi motsin nan tare, kowace ta zo da uwa ko suruka in hali ya yi. A rubuta takarda zuwa sashen gashin ƙashi na ɗaya daga cikin asibitocinmu, a roƙi ma'aikaciya mace ta zo ta horar da mata biyu daga kowane reshe, don kada mu koya wa iyayenmu abin da zai ji masu ciwo. Sannan a cikin asusun taimako a buɗe ɗan ƙaramin rance marar wahala na gyaran makewayi da sayen fitila, ga duk mambar da ke da tsoho ko tsohuwa a gida. Ranar 1 ga Oktoba, wadda muke bikin 'yancin Najeriya da ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, ita ce kuma ranar tsofaffi ta duniya a wurin Majalisar Ɗinkin Duniya. Ina ba da shawara a sa ta zama ranar da kowane reshe zai sake gwajin ƙirga goman nan, a rubuta, a kwatanta da na farko.

Masu son shiga horon su ba Magatakarda sunansu da unguwarsu bayan an ci abinci. Iyayenmu na sahun gaba kuma, in kun yarda, akwai bango ga shi nan a bayan rumfa, zan nuna motsin farko yanzu kafin a kira azahar.